Kwanciyar Rub-da-ciki da Numfashin Jarirai: Inda Take Magani da Inda Take Haɗari

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin jinyar jarirai a wani babban asibiti, kamar Asibitin Tarayya na Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, yana iya ganin bakwaini a cikin kwalba an kwantar da shi rub-da-ciki, an juya kansa gefe guda, an ɗaura masa wata 'yar na'ura a ƙafa. Amma ran da za a sallami wannan jariri, gargaɗin da ya kamata a yi wa uwarsa shi ne kada ta kwantar da shi barci sai a rigingine. Mai hankali zai tambaya, shin yaya abin da likita ya yi da hannunsa jiya ya zama abin hani yau?

Maƙasudin wannan lacca shi ne warware wannan tambaya. Za a bayyana yadda kwanciyar rub-da-ciki take ƙara iskar oksijin a jinin jaririn da numfashi yake yi wa wuya, da kuma yadda ita wannan kwanciya take halaka lafiyayyen jariri a cikin barcinsa. Abin da ya raba tsakanin biyun shi ne ido, watau ko akwai mai lura da jaririn a lokacin ko babu.

Batun ya shafi Jihar Zamfara ƙwarai. Binciken ƙasa na lafiyar jama'a na shekarar 2018 ya nuna cewa a cikin jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Nijeriya, 39 ne suke mutuwa kafin su cika wata guda. Ya kuma nuna cewa kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne ake yi a asibiti a ƙasa baki ɗaya, a yankin Arewa maso Yamma kuwa kamar kashi 16 ne kawai. Ke nan yadda za a kwantar da jariri a Gusau da Tsafe da Bunguɗu yana hannun uwa da kaka da ungozoma fiye da hannun likita.

Yadda jariri yake numfashi

Iskar da ake shaƙa tana ɗauke da oksijin kashi 21 cikin 100. Idan ta shiga huhu sai ta isa waɗansu ƙananan jakunkuna masu ɗimbin yawa, waɗanda siraran jijiyoyin jini suka kewaye. A nan ne jini yake ɗaukar oksijin, ya kuma sauke gurɓatacciyar iskar da jiki ya gama da ita. Wannan musaya ba ta yiwuwa sai iska da jini sun haɗu a wuri ɗaya. In jini ya bi ta gefen jakar da ta rufe, to zai koma jiki kamar yadda ya zo, tamkar wanda ya je kasuwa ya tarar ta watse.

Babban mai aikin jawo iska shi ne tantanin nan mai tsoka da ya raba ƙirji da ciki. In ya sauka ƙasa sai ƙirji ya buɗe, iska ta shiga. A jikin babban mutum haƙarƙari ƙashi ne mai tauri wanda yake riƙe ƙirji a buɗe. A jikin jariri kuwa yawancinsa guringuntsi ne mai laushi, saboda haka in ya ja numfashi da ƙarfi sai gaban ƙirjin ya lotsa ciki maimakon ya bunƙasa. Wannan shi ne faɗawar ƙirji da iyaye suke gani ga jariri marar lafiya, kuma ƙarfi ne yake tafiya a banza.

Bayan wannan, jariri yana cin oksijin kusan ninki biyu na abin da babba yake ci in aka gwada da nauyin jikinsu, alhali ajiyar iskar da take saura a huhunsa kaɗan ce. Shi ya sa yake numfashi sau 40 zuwa 60 a minti guda, inda babba yake yin 12 zuwa 20. Shi ya sa kuma in numfashinsa ya tsaya na ɗan lokaci, nan da nan oksijin ɗin jininsa yake faɗuwa.

Ga bakwaini, watau wanda aka haifa kafin ciki ya cika mako 37, wahalar ta fi haka. A shekarar 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead suka gano a Amurka cewa huhun bakwainin da suka mutu da ciwon numfashi ba shi da isasshen wani maiƙo da yake hana jakunkunan iska mannewa, wanda ba ya wadata sai wajen mako na 34 ko 35 na ciki. Har ila yau, sashen ƙwaƙwalwar da yake kula da numfashi bai gama nuna ba, don haka bakwaini yakan ɗauke numfashi har na daƙiƙa 20 ko fiye.

Amfanin rub-da-ciki ga jariri marar lafiya

In jariri yana kwance a rigingine, hanta da hanji suna tura tantanin ƙirji sama, musamman ta wajen baya. Zuciya kuma tana danne huhun da yake ƙarƙashinta. To, ɓangaren baya shi ne mafi girma a huhu, kuma can ne jini ya fi bi. Sai ya zamana inda jini ya fi yawa nan ne jakunkuna suka fi rufewa.

In aka kifa shi, abubuwa uku suke faruwa. Na farko, nauyin zuciya yana komawa kan ƙashin ƙirji, bayan huhu ya sami sarari ya buɗe, jini kuwa bai daina bi ta can ba, sai iska da jini su haɗu. Na biyu, shimfiɗa tana tokare gaban ƙirji ta rage lotsawar nan, ƙirji da ciki su riƙa motsi tare. Na uku, jaririn yakan natsu, ya rage kuka da zabura, ya yi barci mai nauyi, ta haka ya rage oksijin ɗin da yake ɓatarwa. An kuma lura cewa nono yakan fi saurin barin tumbinsa.

An auna wannan tun da daɗewa. A shekarar 1979 Richard Martin da abokan aikinsa a birnin Cleveland na Amurka suka gwada bakwaini 16 a kwanciyar biyu. Suka tarar ma'aunin oksijin na jini ya ƙaru da kashi 15 cikin 100 a rub-da-ciki, ga waɗanda suke da sauran ciwon huhu ko na zuciya kuwa da kashi 25. Dabarar ta yi aiki har ga manya. A shekarar 2013 wani babban gwaji da Claude Guérin na birnin Lyon a Faransa ya jagoranta ya nuna cewa kifa manya masu tsananin ciwon huhu ya rage mutuwa daga kamar kashi 33 zuwa kashi 16. Da annobar korona ta zo a 2020, asibitocin duniya suka riƙa kifa majinyata a bisa wannan hujja.

Amma fa kada a ɗora wa dabarar abin da ba ta ɗauka ba. Masanan ƙungiyar Cochrane, waɗanda aikinsu shi ne tattara gwaje-gwaje su tace su, sun duba jariran da na'ura take taya su numfashi a shekarar 2016. Suka ce rub-da-ciki yana ɗan ƙara oksijin, amma babu shaidar cewa yana kawo wani sauƙi mai ɗorewa. Watau taimako ne na ɗan lokaci, ba ya maye gurbin iskar oksijin ta asibiti, ko maganin ƙwayoyin cuta, ko ɗumi, ko nono.

Sharaɗinsa kuwa shi ne sa ido dare da rana. Na'urar nan da ake ɗaurawa a ƙafa tana auna yawan oksijin a jini da bugun zuciya, tana yin ƙara in sun sauka, ma'aikaciyar jinya ta zo a guje. Ga bakwainin da ake ba oksijin ana son ma'aunin ya tsaya tsakanin 91 da 95 cikin 100, domin ƙarancinsa yana lalata ƙwaƙwalwa, yawansa kuma yana iya makantar da shi.

Darasin da duniya ta saya da tsada

Kuskuren da aka yi a ƙasashen Turai da Amurka shi ne ɗaukar abin da ya dace da marar lafiya a asibiti a shimfiɗa shi ga kowane jariri a gida. Tun daga shekarun 1950 littafin reno na likita Benjamin Spock, wanda aka sayar da miliyoyinsa, ya riƙa ba iyaye shawarar kwantar da jarirai rub-da-ciki, bisa tunanin cewa in sun yi tumbiɗi a rigingine za su shaƙe. Sakamakon da aka samu a ɗakunan bakwaini ya ƙara wa shawarar ƙarfi. Ana nan sai mutuwar fuju'a ta jarirai ta yawaita, watau a kwantar da yaro lafiya lau, da safe a tarar da shi ya rasu, a kuma bincika gawar a rasa dalili. Wannan mutuwa ta fi aukuwa tsakanin wata 2 da wata 4, kuma kusan kashi 90 cikin 100 nata kafin wata 6 ne.

A shekarar 1985 wani likita, D. P. Davies, ya lura cewa irin wannan mutuwa ba ta cika aukuwa ba a Hong Kong, inda al'ada ita ce kwantar da jarirai a rigingine, duk da cunkoson gidaje. Ƙasar Holan ta fara gargaɗin iyaye a 1987. Binciken Peter Fleming a birnin Bristol na Ingila, wanda ya fito a 1990, ya ƙara tabbatar da haɗarin, Ingila ta shiga gangamin wayar da kai a 1991. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawara a 1992, aka fara gangamin ƙasa a 1994, kuma cikin shekara goma wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi a can. A 2005 Ruth Gilbert da abokan aikinta suka ƙiyasta cewa da an yi aiki da shaidar da ake da ita tun 1970, da an tsirar da jarirai aƙalla 50,000 a Turai da Amurka da yankin Ostareliya. A wannan shekara ce kuma ƙungiyar likitocin nan ta Amurka ta janye amincewarta da kwanciyar gefe, domin jariri yana iya mirginawa daga gefe ya kifa.

Dalilin haɗarin

Hausawa suna cewa barci ƙanin mutuwa ne. Abin da yake kare jariri daga yayan shi ne saurin farkawa. In iska ta yi masa ƙaranci, lafiyayyen jariri yakan zabura, ya juya kai, ya yi kuka. Barci mai nauyin nan da rub-da-ciki yake kawowa, wanda ake so a asibiti, shi ne yake dushe wannan zabura. An kuma auna cewa hawan jini da yawan oksijin da yake isa ƙwaƙwalwa sukan ɗan ragu in jariri yana barci a kife.

Sa'an nan akwai batun fuska. Jariri ya fi numfashi ta hanci, kansa yana da nauyi, wuyansa ba shi da ƙarfi. In hancin ya nutse cikin katifar soso, ko matashi, ko tarin zannuwa, sai ya riƙa sake shaƙar gurɓatacciyar iskar da ya fitar, oksijin yana raguwa sannu a hankali ba tare da wani motsi da zai tada uwa ba. Haka kuma ta fuska da kai ne jariri yake fitar da zafin jiki mai yawa, in an kife su sai zafi ya taru, shi ma yana ƙara nauyin barci.

Tsoron shaƙewa da tumbiɗi kuwa, tsarin halittar wuya ya amsa shi. Bututun iska yana gaba, hanyar abinci tana bayansa. In jariri yana rigingine, bututun iska ne a sama, nonon da ya taso yakan koma ta hanyarsa ta ƙasa. In yana kife, hanyar abinci ce a sama, abin da ya fito daga cikinta yana gangarowa bakin bututun iska. Ƙasashen da suka koma rigingine ba su ga ƙaruwar mutuwa ta hanyar shaƙewa ba.

Halin da ake ciki a Gusau da Tsafe da Bunguɗu

A ɗauki misalin wata mace daga wani ƙauye na Tsafe wadda ta haifi bakwaini, aka kawo shi Gusau, ya yi mako uku a kwalba. Kullum tana ganinsa a kife yana barci cikin natsuwa, har ya murmure. Gani ya kori ji. In ta koma gida, abin da idonta ya gani shi za ta yi, ko da an faɗa mata kishiyarsa a bakin ƙofa ranar sallama. Ga shi kuwa bakwaini ya fi cikakken jariri shiga haɗarin mutuwar fuju'a, rub-da-ciki kuma yana ninka masa haɗarin. Saboda haka ne likitocin yara na Amurka suka ce da zarar bakwaini ya daidaita, daga mako na 32 in aka lissafa tun farkon ciki, a koma kwantar da shi a rigingine tun yana asibiti, don shi ya saba, uwar kuma ta gani.

A gida akwai waɗansu abubuwa na al'ada da suke ƙara nauyin lamarin. Ɗakin maijego ana son sa da ɗumi, musamman da hunturu, inda akan rufe ƙofa da taga, a shigo da kaskon gaushi, a naɗe jariri da zannuwa da hula da bargo. Ɗumi wajibi ne ga jariri, sanyi yana kashe bakwaini. Amma zafi mai yawa da hayaƙi, in suka haɗu da kwanciyar kife a kan katifa mai laushi kusa da uwar da wankan jego da rashin barci suka gajiyar, to an tara musabbabai a wuri ɗaya. Hayaƙin taba ma yana cikin manyan abubuwan da suke ƙara haɗarin. Irin wannan rasuwa kuwa ba ta cika shiga rajista ba, domin akan yi jana'iza a ranar, ba tare da likita ya gani ba. Rashin ta a takarda ba ya nufin babu ta.

Akwai hanyar da jariri zai ci amfanin rub-da-ciki a ƙarƙashin ido, ko da babu kwalba ko lantarki, ita ce goyon ƙirji. A shekarar 1978 likita Edgar Rey ya fara ta a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya saboda ƙarancin kwalabe. Ana ɗora jariri tsirara, sai nafkin da hula, a tsakanin nonon uwa, cikinsa a kan ƙirjinta, kansa a sama an juya shi gefe, a ɗaure da zane. Wani gwaji na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka buga a 2021, wanda aka yi a Gana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da kuma Ile-Ife a Nijeriya, ya duba jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. A cikin waɗanda aka fara wa goyon nan da nan bayan haihuwa kashi 12 ne suka mutu a watan farko, a ɗaya rukunin kuwa kashi 15.7. A 2022 Hukumar ta ba da shawarar a riƙa fara shi da zarar an haihu.

Wannan goyo yana da daraja ta musamman a kan hanya. Tsafe tana kan titin Funtuwa, Bunguɗu tana kan titin Sakkwato, amma ƙauyukansu suna nesa da kwalta, matsalar 'yan bindiga kuma ta sa tafiyar dare ta zama kasada. Jaririn da za a kawo Gusau ya fi tsira daga sanyi a ƙirjin uwarsa, ko na kakarsa, ko na mahaifinsa. Sai dai a kiyaye ƙa'ida, hanci da baki a buɗe, haɓa ba ta manne da ƙirjinsa ba, mai goyon kuma a kishingiɗe, ba a kwance shame-shame ba, in barci zai ɗauke ta a sami mai dubawa.

Abin da ya rataya a wuyan ɗalibai da ma'aikata

Ga ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe da na makarantun jinya da ungozoma, waɗanda su ne za su riƙe ƙananan asibitocin karkara, ƙa'idar a taƙaice take. Barci, dare ko rana, a rigingine, a kan shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashi, fuska a buɗe, cikin gidan sauro, har yaro ya shekara. In ya kai munzalin da yake juyawa da kansa gaba da baya, a kwantar da shi a rigingine, a bar shi ya zaɓi yadda yake so. Idan yana farke kuma ana kallonsa, a riƙa kifa shi don wuyansa da kafaɗunsa su yi ƙarfi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 a tara masa aƙalla minti 30 a wuni. Jaririn da numfashinsa ya kai 60 ko fiye a minti, ko ƙirjinsa yana faɗawa, ko yana nishi, ko harshensa ya yi shuɗi, ko ya ƙi nono, ba a kifa shi a gida a jira sauƙi, asibiti za a nufa da shi.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, na'urar awon oksijin mai ma'aunin da ya dace da jarirai ba ta cikin kaya masu tsada, ya kamata a tanade ta a kowane asibitin da ake karɓar haihuwa. Ya kamata bayanin sallama ya zama darasi da ake nunawa a aikace, a gaban uwa da kakar jariri, tun da sau da yawa maganar kaka ce take tasiri a kwana arba'in na jego. Ya kamata kuma a shigar da saƙon cikin horon ungozomomin gargajiya da shirye-shiryen rediyo, a kuma ƙarfafa rubuta rasuwar jarirai a matakin gunduma.

Kammalawa

An ga cewa rub-da-ciki yana buɗe bayan huhu, yana tokare ƙirji, yana ƙara oksijin ga jaririn da yake fama da numfashi, muddin akwai na'ura ko mutum mai lura. An kuma ga cewa yana nauyaya barci, yana toshe fuska, yana tara zafi ga jaririn da aka bari shi kaɗai. Amsar tambayar da aka fara da ita ke nan, likita bai saɓa wa kansa ba, mai gadi ne ya kasance a asibiti, a gida kuwa in dare ya raba kowa barci yake yi. Juya jariri ya kalli sama ba ya bukatar kasafin kuɗi, yana bukatar a sanar da uwa da kaka dalili, in kunne ya ji kuwa gangar jiki ta tsira.